'Yar Fari a Kan Ƙanƙara

Abu na farko da ƙasar nan ta arewacin Turai ta koya mini shi ne adireshi ma yana ƙarya. Ejan ɗin da ya yi mana takardu a Kaduna ya rantse mini asibiti na jirana, har da ɗaki da gado. Da mai tasi ya sauke mu a lambar gidan da aka rubuta mini, wurin wankin motoci muka tarar. Na tsaya da akwati a hannu ɗaya, yarinya 'yar shekara shida a ɗaya hannun tana kuka, sanyi yana cin yatsun ƙafata ta cikin takalmin da na saya don zuwa biki. Na buga wayar ejan, a kashe. Har yau a kashe take.

Ni mutuniyar Janfalan ce, ta ƙasar Ikara. Aikin jinya na karanta, na yi shekaru ina karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti a Makarfi. Da mijina ya rasu komai ya tsaya mini cak, sai na bi ruɗin masu cewa a Turai ma'aikaciyar jinya zinariya ce.

Yarinyar da nake riƙe da hannunta ita ce 'yar farina, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni. Ba za ku ga sunanta a nan ba. A gidanmu, da ke da jinin Fulani ta wajen uwa, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta rungumarsa a gaban mutane. Kaka ce ke yi masa rawa, goggo ta goya shi, ƙannen uba su shagwaɓa shi, ita kuwa uwar ta kau da kai kamar ba ta san daga inda ya fito ba. Ni "ke" nake ce mata, ita kuma tana ce mini Adda, yadda ta ji ƙannena suna kirana. Mahaifiyata, Inna, ta ce in bar mata ita in tafi. Na ce makarantun can sun fi kyau. Ba makaranta ce ta dame ni ba. Ba zan iya kwana a ƙasar da ba na jin numfashin yarinyar nan ba, sai dai wannan ba maganar da ake faɗa wa uwa ba ce.

Wata Basomaliya mai shagon kayan miya a tsallaken titi ce ta hango hijabina ta fito. Maman Idil ake ce mata. Ba ta jin Hausa, ba na jin Somaliyanci, Turancinmu mu biyu in aka haɗa bai cika cokali ba, amma sallama ta wadatar. Ta shigar da mu bayan shago, ta ba mu shayi mai citta, ta cire safar ƙafarta ta sa wa yarinyar. A ɗakinta muka zauna har ɗanta ya karanta mini takarduna da kyau. Bizar ta gaske ce, sai dai ba ta asibiti ba ce. Ejan ya rubuta ni a matsayin mai shara a wani kamfanin goge-goge da ke wani ƙaramin gari can arewa, kuma izinin zamana a ɗaure yake da aikin. In na bar kamfanin, na bar ƙasar.

Na yi kuka, na share, na hau jirgin ƙasa. Wanda ya hau dokin wasu, inda aka ja linzami nan zai bi.

Garin da muka sauka ba shi da rana a lokacin sanyi. Takan leƙo kamar mai bin bashin gaisuwa, ta koma. Azahar da la'asar da magariba su zo a jere, kafin ka naɗe darduma an sake kiran wata sallar a waya. Mutanen ba mugaye ba ne, amma maƙwabcinka zai wuce ka a matakala ya gyaɗa kai, shi ke nan an gaisa. Ni da na saba sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi shanu da masu jiki, sai na riƙa jin kamar na mutu ba a gaya mini ba. Abin da na fi kewa, abin dariya, mazarƙwailar Makarfi ce. Nakan tsaya a kanti gaban sukarinsu mai ruwan ƙasa in ji hawaye na zuwa.

Kamfanin ya tura ni filin ƙanƙara. Wani ƙaton zaure ne, tsakiyarsa ruwa ne da aka daskarar ya yi sumul, an kewaye shi da shinge da gilashi, ga kujerun 'yan kallo hawa-hawa. Aikina goge gilashin, wanke banɗaki, da tsince abin da aka zubar a ƙarƙashin kujeru. Da yake ba ni da mai riƙe mini yarinya, in ta taso makaranta sai ta zo ta zauna a benci ta jira ni.

Da farko na ɗauka ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa, suka sa takalmi mai wuƙa a ƙasa suna zamiya. Sai da na daɗe ina goge gilashi na gane abin sana'a ne, kuma kashi-kashi ne. Akwai na mutum ɗaya, ya fito shi kaɗai da kiɗansa, ya yi gudu da baya, ya tashi sama ya juya, ya sauka a ƙafa ɗaya, sannan ya tsaya wuri guda yana wulwulawa kamar katantanwa. Akwai na biyu, namiji da mace, inda yake ɗaga ta sama da kansa, wani lokaci ya jefa ta ta sauka can nesa. Wannan ko kallonsa ba na so. Akwai na rawa, su ma biyu ne, amma ba jifa, sai sawu da bin kiɗa, ba sa nisa da juna. Sai na gayya, 'yan mata da yawa kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ta faɗi sai ta ja ta kusa da ita. Kowanne akwai alƙalai a gefe suna ba da maki, har murmushi ma ina jin ana lissafa shi.

Mai koyar da yaran wata dattijuwa ce, Madam Birgit, doguwa, tana ɗingishi, ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta lura da yarinyar da ke kwaikwayon juyi da safa a kan siminti. Ta kawo mata tsohon takalmi, ta riƙe hannunta ta shigar da ita. Bayan 'yan makonni ta same ni ina matse tsumma a bokiti.

"'Yarki tana da baiwa," in ji ta, a hankali yadda zan gane. "Ki bar ni in koya mata. Ba sai kin biya ba."

Daɗi ya cika ni har wuya. Na ce, "Lokacinki za ki ɓata, Madam. Ba ta da natsuwa."

A Janfalan wannan godiya ce, kuma tsari ne daga bakin mutane. Madam Birgit ta dube ni kamar na tofa wa yarinyar yawu, ta juya ta tafi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Yarinya ta miƙe, harshensu ya zauna a bakinta, Hausarta ta fara tauri. Tana wasan mutum ɗaya, tana cin na yankinsu, ana kai ta wasu garuruwa. Sauran iyaye sukan cika kujerun gaba da furanni da 'yartsana, suna ihu da sunan 'ya'yansu. Ni akwai wani sito da nake ajiye kayan aiki, yana da 'yar taga mai kallon filin. Nan nake shiga in ja ƙofa. Ban taɓa rasa atisayenta ba in dai ina cikin ginin. In ta tashi sama numfashina ya tsaya, in ta sauka in ce alhamdu lillahi, in ɗauki bokitina in fito da fuskar wadda ta je ɗauko sabulu.

Akwai wani benci da mai wasa ke zama bayan ya gama, yana jiran makinsa. A nan ake rungume-rungume da koke-koke, kowa na kallo. Wata rana muna cin tuwon semo da na tuƙa, ta ajiye cokali, don ta daina ci da hannu.

"Adda, ranar Asabar ki zo ki tsaya kusa da bencin. Madam ta ce za ta bar ki."

"In yi me a can?"

"Ki tsaya kawai. Maman kowa tana zuwa."

"Ke, ina aka taɓa haka? In fito gaban jama'a ina washe baki don ke? Ci abincinki."

Ta ɗauki cokalin. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na ɗauka ta fahimta.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a gida kunyar ɗan fari tana da masu cike gurbinta. Uwa ta kau da kai, mutum goma su juyo. A can ba kaka, ba goggo, ba kowa. Na kau da kai yadda aka koya mini, ba wanda ya juyo sai Madam Birgit.

Tana shekara goma sha biyu ta faɗi a wani tsalle, wuyan hannunta ya karye. Ban san lokacin da na fito daga sito ba, na tsinci kaina a bakin shinge. Madam ta riga ni, ta rungume ta tana shafa kanta, iyaye sun taru. Na kama hannun na duba, aikina ne, na ɗaure shi da gyalena yadda ba zai motsa ba. Idanu kuma duk a kaina. Na ce, "Tashi mana, ai ba mutuwa kika yi ba." Madam ta tambaye ta me na ce. Yarinyar ta fassara mata kalma da kalma. Da asuba, tana barci, na zauna gefenta na yi ta tofa wa hannun addu'a. Wannan ba wanda ya gani, har ita.

Tana shekara goma sha biyar kamfaninmu ya rushe. Izinina ya bi shi. Na nemi wani aikin, lokacin da aka ɗiba mini ya ƙare ban samu ba, aka ce in shirya barin ƙasa. Ita kuwa yarinyar, tunda a can ta tashi, kuma ƙungiyar wasan ta tsaya mata, Madam Birgit ta ce za ta riƙe ta, sai aka ce tana iya zama in ta so.

Lauyar da aka ba ni yarinya ce ƙarama mai kirki. Ta ce, "Hanya ɗaya ta rage. Mu nuna musu raba ku zai cutar da ita, cewa ba ta iya rayuwa ba ke. In sun yarda, za ki zauna saboda ita. Za su tambaye ki a kanta. Ki buɗe zuciyarki."

Na ce to. Ai ina ganin abu ne mai sauƙi.

Ɗakin da aka yi zaman ƙarami ne, da tebur da tulun ruwa. Jami'ar mace ce mai furfura da tattausar murya. Yarinyar na zaune daura da ni, kusa da Madam. An samo tafinta ta allon kwamfuta, wani dattijo mutumin Maraɗi, Malam Isuhu. Da ya yi mini sallama ya tambayi gajiya da mutanen gida, saura kaɗan in fashe da kuka, don na daɗe ban ji gaisuwa mai tsawo ba.

Aka fara da Madam. Ta ce ba ta taɓa ganin na daki yarinyar ba, ba ta taɓa ganinta da yunwa ko datti ba. Ta ce amma a duk shekarun nan ban taɓa zama kallon wasanta ba, ba ta taɓa jin na kira sunanta ba, ba ta taɓa ganin na taɓa ta ba sai ranar karaya. Ta faɗi abin da na ce ranar. Duk gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kasa tsanarta, kuma Allah ya sani na gwada.

Jami'ar ta juyo gare ni. Malam Isuhu ya ce, "Hajiya, tana cewa ki gaya musu wace ce yarinyar nan a wurinki."

Na buɗe baki. Yarinyar ta zuba mini ido. Da ba ta cikin ɗakin, wataƙila da na iya. Amma in dubi 'yar fari ido da ido, gaban baƙi, in ce ita ce raina? Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Na ce, "Ba laifi. Tana jin magana. Sai dai har yanzu ba ta iya tuwo ba."

Malam Isuhu bai fassara ba. Ya matso kusa da allon, ya rage murya. "Hajiya, don girman Allah. Na san abin da kike yi, tawa uwar ma haka ta yi mini. Amma nan ba a san kara ba. Abin da kika faɗa shi za a rubuta. Ki ce kina son ta, ki ce ba ki iya rabuwa da ita. Ni zan ƙawata sauran."

"Malam, tana zaune fa."

"Ai don tana zaunen ne."

Na dubi tulun ruwan. Na ce, "Ka ce musu ina yi mata addu'a."

Ya yi ajiyar zuciya ya fassara. Ya ƙara da nasa bayanin, na ji yana ta faɗi-tashi yana kwatanta musu al'adarmu. Jami'ar ta saurara da ladabi, ta rubuta wani abu gajere. Sannan ta ce hukuncin zamana ba zai canja ba, saura zaɓin yarinya, ta bi ni ko ta zauna. Kafin a tambaye ta, ko ina da abin da zan ce mata?

A raina ina ihu, ki biyo ni, ki bar musu ƙanƙararsu, ki biyo ni ko garin rogo za mu sha. Amma a gidanmu uwar da ta ja ɗan fari jikinta ta hana shi alheri, abin zunɗe ce. Na gyara hijabi na ce, "Ta yi abin da ta ga ya fi mata."

Yarinyar ta daɗe tana kallona. Har jami'ar ta sake maimaita tambayar. Sannan ta ce, da harshensu, za ta zauna.

Madam ce ta kai ni tashar jirgin ƙasa, yarinyar na kujerar baya. Da za mu rabu na ce wa Madam ga amana nan. Na ce wa yarinyar ta riƙe salla. Ta ce to, Adda. Na shiga jirgi na zaɓi kujerar da ba ta kallon dandamali, don na san kaina.

Na iso Janfalan ana cirar tumatir. Inna idonta ya tafi, ta shafa fuskata, ta miƙa hannu gefena tana lalube a iska, daidai tsayin yarinya 'yar shekara shida.

"Ina jikar tawa?"

"Tana can, Inna. Karatu."

"Kika baro ta?"

"Ita ta zaɓa."

Inna ta janye hannunta. Matan da suka zo yi mini barka da zuwa kuwa sai yabo. Wata ta ce, "Ke kam kin iya kara, 'yar halak. Ko a fuska ba a gani." Na yi murmushi na miƙa musu alewar tsaraba. Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Na koma karɓar haihuwa. Duk wadda ta haifi na fari na ga ta juya fuska bango, sai in ji kamar in girgiza ta, amma in naɗe jaririn in miƙa wa kakarsa yadda aka saba. Yarinyar takan kira jefi-jefi. Lafiya lau, lafiya lau, a gai da Inna. Hausarta kullum raguwa take.

Damina biyu bayan dawowata, ranar Babbar Salla da hantsi, ta kira. Ina tsakar gida ina yanka albasa, ana fiɗa a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ba ta ajiye ba. Na ji tana neman kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

"Adda. Ranar nan. A ofis ɗin nan."

"Ina jin ki."

"Na riga na haɗa jakata tun a gida. Na ɓoye a ƙarƙashin gado. Jira nake ki ce in zo." Ta ci gaba, "Ko sau ɗaya. Na yi ta kallonki. Ba ki ce ba."

Na ajiye wuƙar. Na tashi na zaga bayan rumbu inda ba kowa, sai kaji. A nan, ina kallon bangon laka, na faɗi abin da ya kasa fita a gaban tulun ruwa. Na ce ina son ta fiye da idona. Na gaya mata zancen tagar sito. Na ce tun da na dawo ban yi barcin kirki ba. Na ce, "Ki dawo gida. Ni ce nake roƙonki, ki dawo."

Na ji kukanta, irin na yarinya ƙarama, wanda rabona da shi tun ranar wurin wankin motoci. Muka daɗe a haka. Sai ta ja hanci.

"Adda, yanzu ba ni kaɗai ba ce. Na koma wasan biyu. Akwai wani yaro, Yonas, ya bar garinsu da makarantarsa ya dawo nan saboda ni. Mun daɗe kafin hannunsa ya san nauyina. In na tafi, nasa wasan ya ƙare, ba zai sami wata ba. A da ne zan iya ɗaukar jaka in tafi." Sannan ta ce, "Ki yi haƙuri."

Na san wasan da take nufi. Shi ne wanda ba na iya kallo.

Na ce, "Gaskiyarki. Ba a sakin mutum a tsakiyar hanya." Na ce ta ce masa ya riƙe ta da kyau. Ta ce to. Muka yi sallama.

Na wanke fuskata da ruwan buta na dawo tsakar gida. Inna na zaune bakin ƙofarta, ta karkato kunne wajen takuna.

"Yarinyar ce? Me ta ce?"

Na ɗauki wuƙa da albasa. Na ce, "Tana gaishe ki."